Ranar da Yemima Ta Sha Ruwan Wankinta

Yemima Azariya tana zaune a bayan tashar jirgin ƙasa a Kafanchan, a gidan da ƙamshin lemun tsami ke tarar mutum tun daga ƙofa. A wani ƙauye kusa da Manchok aka haife ta. Harshen gidansu daban ne, Hausa kuwa a kasuwa ta tsince ta. Hannunta na dama ba ya miƙewa, haƙoranta na gaba biyu babu su.

Da aikin shara ta fara, a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Wata rana ta zuba bilic a kan ruwan wanke masai a ban-ɗaki rufe, tururinsu ya shaƙe ta, ta faɗi. Sai da aka ɓalle ƙofa aka jawo ta tana tarin jini. Tun ranar muryarta ta dishe. Da ta warke ba ta koma ba, ta kama abin da ta ga uwarta tana yi: toka don goge tukunya, tataccen ruwan toka don maiƙo, sabulun salo don wanki. Ta ƙara nata a kai. Takan tara bawon abarba da na lemun tsami a jarka, ta sa ruwa da ɗan sukari, ta ɗaure bakin da ƙyalle, ta bar shi makonni har ya yi tsami ya kwanta. Sannan ta tace, ta barbaɗa gishiri. Da shi ake goge daɓe da taga da kujeru. Matan Zumunta na majami'a ne suka fara saye, daga baya masu tuwo-tuwo suka biyo.

A damanar da aka karya mata hannun, Rosemary, matar faston wani ƙauye a hanyar Kagoro, ta kira ta ta zo su wanke majami'a kafin bikin godiya. Abin da ba a gaya mata ba, amai da gudawa sun kashe yara a ƙauyen cikin makon, kuma magana ta bazu cewa wani baƙo ne ya zuba guba a rijiya. Samari suka sa tsaro.

Ɗan acaɓa ya sauke ta da hantsi a bakin rijiyar, don ta ce za ta ɗebi ruwan sirki. Ta buɗe jarka, ta jawo guga. Wani saurayi mai suna Rufus, wanda aka binne ƙanwarsa shekaranjiya, ya tsaya a kanta da gora.

"Mama, mene ne wannan a jarka?"

"Magani ne, ɗana."

"Maganin me?"

Ta amsa yadda take yi wa masu saye talla kullum, tana nufin datti da ƙwayoyin cuta: "Yana kashe komai."

Gorar ta sauka a bakinta kafin ta rufe shi. Rufus ya kwarma ihu, "Ga ta! Ta faɗa da bakinta!" Mutane suka ɓullo daga gonaki da fartanya da itacen girki. Ta ɗaga hannu ta kare kanta, ƙotar fartanya ta karya shi ƙasa da gwiwa. Aka ja ta a cikin taɓo, aka yage mata zani, ana dukanta da duwatsu. Tana kiran sunan matar fasto, amma muryar da ba ta fita ko a ɗaki ba ta yi komai a cikin wannan hayaniya ba. Ɗan acaɓan da ya kawo ta ya tsere. Wani ya gangaro da tsohuwar taya aka rataya mata a wuya, wani ya tsiyayo fetur daga babur a gorar ruwa.

Wata tsohuwa, Kaka Lai'atu, ta durƙusa kusa da ita don ta tofa mata yawu. Ita ce ta ji abin da take maimaitawa.

"Ku tsaya! Wai a ba shi ya sha," in ji tsohuwar da irin Hausarta mai mayar da mace namiji. "Ku ba shi mana. Ashana ma tsada yake yi."

Wasu suka yi dariya. Rufus ya ɗauko jarkar ya kafa mata a baki. Ta sha, tsamin yana cin wurin haƙoran da suka fita, jini da ruwan suna zuba a ƙirjinta. Ya janye, ta yi masa alama ya ƙara. Ta sha har cikinta ya ɗauka.

Daga nan suka kewaye ta suna jira ta mutu. Mai fetur bai ajiye gorarsa ba. Rana ta ɗaga, ƙudaje suka taru a kan raunukanta, ta yi gyatsa, ta nemi a gyara mata zani. Babu wanda ya motsa. Can wani dattijo ya tsoma yatsa a jarkar ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Kai! Wannan ai abarba ne da ya lalace."

Kaka Lai'atu ta karɓa ta shinshina, ita ma ta lasa. Sai ta kwance mayafinta ta rufe wa Yemima ƙafafu. Mutane suka fara zamewa ta baya. Lokacin da Rosemary ta iso a guje daga majami'a, tana ihu cewa baƙuwarta ce, tayar tana nan a wuyan Yemima, don babu wanda ya yarda a gan shi yana cire ta. Rosemary ce ta cire da hannunta, ta tsayar da motar ɗaukar citta aka kai ta Kafanchan.

Ƙashin ya haɗe a karkace. Yemima ba ta kai ƙarar kowa ba, ba ta kuma sake taka ƙauyen ba. Da hannun hagu take tace ruwanta yanzu, a hankali, tana danne jarkar da gwiwa.