Ruwan da Hammajoda Ya Koma Roƙo

Hammajoda maƙwabcinmu ne a Gwallaga, facin taya yake yi a gefen masallaci. Bafillace ne marar yawan magana. Da maigidana, Allah Ya ji ƙansa, suke zama bayan la'asar, ta nan na san labarinsa.

Shekarar da matarsa Sauda ta rasu ta bar masa yara ƙanana, ya ce ba zai aika wa uwarta saƙo a bakin wani ba. Tsohuwar tana can arewa cikin rairayi, inda waya ba ta kamawa. Shawararsa ita ce ya ɗora keken hawansa a mota har inda hanya ta ƙare, sauran ya tuƙa.

An sha muhawara a kan ruwa. Maigidana ya ce ya ɗaura jarka biyu. Shi kuwa ya ce nauyin zai nutsar da taya cikin yashi, ya koma turi, gumi ya cinye abin da ya ɗauko. Ɗaya ya ɗauka, a kan zai cika a rugar surukansa. Yaran ya bar su a hannuna. A hanya taimama ya riƙa yi, don kada alwala ta taɓa guzurin.

Ya isa, ya faɗi rasuwar, aka yi kuka aka yi addu'a. Ashe rijiyarsu ta ƙafe, a jaki suke ɗauko ruwa daga nesa. Aka ajiye masa ƙwaryar ruwa bai taɓa ba, don a wurinsu mutum ba ya sha a idon surukarsa. Da aka tambayi jarkarsa, ya ce da saura.

Ya yi sallama ya kamo hanyar gida. Sai da rana ta take ya girgiza ta, ya ji ɗan abin da ke gindinta. Gaba tafiya ce mai tsawo babu inuwa, baya kuwa kunya. Ya ce ya daɗe tsaye riƙe da keken yana tunanin yaran, sannan ya juya.

Tsohuwar na hango shi ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ruwa nake roƙo."

Ta ce, "Na rasa 'ya. Da ka wuce, da jikokina sun rasa uba. Sha, ba na kallonka."

Ya sha, aka cika masa jarkar. Ya dawo mana leɓe a tsattsage, ya raini 'ya'yansa har ya aurar da su. Bara ya rasu. Allah Ya sa ya huta.