Ɗorawar Bakin Titi da Shanyar Kuɓewata

Ku matso kusa, 'ya'yana da jikokina, ku ara mini kunnuwanku, zan mayar muku idan na gama. Wannan ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, da ƙafata na taka wurin. Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, har sunayen waɗansu da na goya sai an tuna mini. Amma ranar da mota ta daki katangar tsakiyar titi ina durƙushe a bayanta, ba zan manta da ita ba har a sa ni a ƙasa.

A lokacin mun bar unguwar Television, mun koma can gaba, bakin babbar hanyar da ta nufi Abuja, inda maigidana ya sami ɗan fili kafin Ubangiji ya kira shi. Sana'ata busasshiyar kuɓewa. In sayi ɗanya idan ta yi araha a ƙarshen damina, in yanka, in shanya, in daka, in kai kasuwa. Duk macen da ta taɓa shanya a unguwa ta san abokan gabarta, akuya da kaza da yara masu buga ƙwallo. To mu mun sami wurin da ko ɗayansu ba ya zuwa. Hanyar nan biyu ce, ta masu tafiya da ta masu dawowa, a tsakaninsu kuma akwai fili siriri mai tsawo. Akuya ta fi mu wayo, ba ta tsallakawa. A nan muke shimfiɗa buhuna, mu baza kuɓewa da barkono, mu danne gefe da duwatsu, mu koma gida hankali kwance.

Tsallakawar ma da ƙa'idarta. Akwai wata bishiyar ɗorawa can sama, ta wajen da motoci ke fitowa daga gari. Matan da muka tarar a unguwar su suka koya mana. Ki tsaya, ki dubi ɗorawa. Idan mota ba ta kai gindinta ba, ki wuce da kayanki, ba gudu ba fargaba. Idan ta riga ta wuce ta, ki jira. Haka muka koya wa surukanmu, su ma suka koya wa 'ya'yansu. Ni kuma ina da tawa ɗabi'ar. Da na sa ƙafa a kwalta sai in fara 'yar addu'ar da uwata ta koya mini da yarenmu. In kai tsakiya, in ce amin, in sauke daro, in gyara ɗaurin zani, sannan motar ta iso tana rangaji cikin ramuka. Shekara da shekaru ɗorawar nan ba ta taɓa yi mana ƙarya ba.

Ana nan, ana nan, sai aka zo gyaran hanya. Aka kwashe tsohuwar kwalta, aka zuba sabuwa baƙa wuluk, sumul kamar faranti. Aka kuma gina 'yar katanga ta kankare iya ƙugu, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, filin shanyarmu a tsakani. Ɗana na biyu direban bas ne, a tashar Television yake lodi. Ranar da aka buɗe hanya ya dawo baki har kunne.

Ya ce, "Mama, Abuja ta matso! Yau da ƙyar ƙafata ta san inda birki yake."

Na ce, "To, madalla. Wancan allon mai jan zobe da aka kafa fa, me ya ce?" Kun san ni ban yi boko ba.

Ya ce, "Iyakar gudu ce aka rubuta."

"In mutum ya wuce iyakar, allon me yake yi masa?"

Ya yi dariya ya ce, "Mama, ke dai da tambaya!"

Tambaya kuwa ita ce cutata tun ina yarinya. Ba a jima ba na ga abin da ya ɗaure mini kai. Na dubi ɗorawa yadda na saba, mota ba ta kai ba, na sa ƙafa, na fara addu'a. Ban kai amin ba sai na ji iska ta ɗaga mini gefen zani, motar ta wuce fuu. Washegari haka. Jibi ma haka.

Na kai maganar wajen maƙwabciyata, wata 'yar Binuwai mai shanyar barkono, wadda mijinta ya yi aiki a masaƙa kafin a rufe ta. Maman 'Yan Biyu muke ce mata, ita kuma Uwar Direba take kirana. Mace ce mai fara'a da kaifin baki.

Ta ce, "Uwar Direba, ba mota ce ta ƙara gudu ba, ke ce kika ƙara shekaru. Ko kuwa kin ƙara wa addu'ar baiti?"

Na ce, "Addu'ar nan yadda uwata ta ba ni haka take."

"To ƙafar ce. Ɗorawa dai ba ta tashi daga inda take ba, ko ke kin gan ta tana tafiya?"

Gaskiyarta, bishiya ba ta tafiya. Na yi ta juya abin a raina. Har zama na riƙa yi a rumfar mai gasa masara, ina kallon motoci ina karanta addu'ata a zaune, don in cire ƙafata daga cikin lissafin. A zaunen ma mota tana isowa ina tsakiyar addu'a. Na san akwai abin da ya sauya, amma na rasa bakin da zan faɗe shi har a yarda. Su kuwa matan, damuwarsu duk katanga ce. Wa ya taɓa ganin tsohuwa da zani da daro a ka tana hawan kankare? Maman 'Yan Biyu ta tara mu bayan taron zumunta a coci, aka yanke shawara samarin unguwa su zo ranar Asabar da guduma su fasa mana ƙofa. Da hannunta ta ɗauki gawayi ta ja layi biyu a jikin katangar, daidai inda muka ajiye dutsen da muke takawa mu hau. Gwiwata ma ta ji daɗin shawarar.

Asabar ba ta zo ba, ranar nan ta riga ta. Da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta fara kwashe leda tana wasa da ita a sama. Duk mai shanya ta san ba a tsayawa neman takalmi a irin wannan lokaci. Na riga kowa fita. Na tsallaka, na hau dutse, na dira ciki, na durƙusa a bayan katanga, daidai wurin gawayin nan, ina tattara kuɓewa da hannu bibbiyu.

Da na ɗaga kai sai na hango Maman 'Yan Biyu a bakin titi da daronta. Na ga ta juya ta dubi ɗorawa, yadda aka koya mata, yadda aka koya mini. Wata farar ƙaramar mota tana tafe, ba ta kai gindin bishiyar ba. Ta sa ƙafa. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba a ƙa'idar da muka sani.

Na ƙwala mata kira, iska ta tafi da muryar. Abin da ya biyo baya ya fi faɗarsa sauri. Na ji kukan taya a kwalta. Direban ya kauce mata, ya karkato wajena. Na ga hancin motar ya nufo ni, sai na kifa fuskata cikin kuɓewa. Ƙarar da ta tashi, a ƙirjina na ji ta, ba a kunne ba. Ƙasa ta motsa, gilashi ya zubo mini a baya kamar tsakuwa. Motar ta daki katanga, katanga ta ƙi ba ta hanya, ta mayar da ita, ta yi ta gogar jikinta tana tartsatsi har ta tsaya can gaba. A daidai lokacin kuma wata bas cike da mutane ta wuce ta ɗaya hannun, a bayana. Na ga fuskokinsu ta taga, ba su ma san abin da ya tsaya tsakaninsu da farar motar ba.

Sai ruwa ya kece. Na yunƙura in tashi in ga ko maƙwabciyata tana da rai, amma kuɓewa ta jiƙe ta fara yauƙi, hannuna sai zamewa yake a jikin kankare. Da ƙyar na leƙa. Ga ta zaune dirshan a tsakiyar kwalta, daro yana ta birgima, samari suna janye ta. Madubin motar ne ya buge ta a gwiwar hannu. Tana ganina ta ce, "Uwar Direba, ba ta kai ɗorawa ba fa! Ke ma kin gani, ba ta kai ba!" Na ce, "Na gani."

Direban wani magidanci ne ɗan Filato, ma'aikacin gwamnati, a unguwar Narayi yake zaune. Ya karye a ƙafa, aka kwantar da shi asibiti ɗaya da Maman 'Yan Biyu. Da na kai mata kunu sai na raba biyu na kai masa. Yana ganina ya fara ba da haƙuri, idonsa ya cika da hawaye. Na ce ba wannan ya kawo ni ba.

Na ce, "Ɗana, tambaya gare ni. Da ka iso ɗorawa, me ka hango a gabanka?"

Ya dube ni ya ce, "Wace ɗorawa, Mama?"

"Babbar bishiyar nan ta hannun dama, kafin wurin da muke tsallakawa."

Ya ce, "Mama, Allah ya sani, na daɗe ina bin hanyar nan, ban taɓa sanin akwai bishiya a wurin ba. Ban ma san mutane suna tsallakawa a nan ba."

Na koma gida da wannan maganar tana yi mini nauyi. Ashe duk shekarun nan alkawari muka ƙulla da direbobi, su ba su san da shi ba. Ramuka ne suke cika mana alkawarin, an kuwa cike ramukan.

Duk da haka raina bai kwanta ba, ina so in gani da idona. Na ce wa ɗana ya sa ni a gaban bas, kusa da shi, ya bi da ni ta wurin. Ya ce fasinja za su yi dariya. Na ce su yi. Na ce kada ya rage, kada ya ƙara, ya yi gudun da allon ya yarda da shi. Muka taso daga gari, na ƙura ido. Ya ce, "Mama, ga ɗorawarku." Na fara addu'a. Ban gama kiran sunan Ubangiji ba muka wuce wurin tsallakawar. Matan da ke tsaye a bakin titi, waɗanda na san kowace da sunanta da na 'ya'yanta, sai na gan su kamar turakun da aka kafa. Na ce ya tsaya. Na sauka. Shi ma da ya dube ni, dariyar ta bar fuskarsa.

Ranar Asabar samari suka zo da gudumarsu, tunda ba wanda ya tuna ya hana su. Suka tarar da Maman 'Yan Biyu ta riga su, an sallamo ta daga asibiti, hannunta rataye a wuya da ƙyalle. Ruwa ya wanke gawayin, sai dogon zanen farin fenti da motar ta bari a wurin.

Ta ce, "Ku mayar da gudumar nan inda kuka aro ta. Wanda ya taɓa katangar nan, da hannun da ya rage mini zan mare shi."

Wani ya ce, "Haba Mama, ba ke kika kira mu ba?"

Ta ce, "Ni ce. Yanzu kuma ni na kore ku."

Abin da ranar nan ta koya mini ke nan, 'ya'yana. Ma'aunin da iyaye suka ba ku, ku riƙe shi da daraja, amma idan duniyar da aka auna da shi ta sauya, ku sake aunawa. Ɗorawa ba ta yi ƙarya ba, hanya ce ta zama wata, mu kuma muka ci gaba da tambayar bishiya. Abin da ya tare muku hanya kuma, kafin ku kira mai guduma, ku fara tambaya me yake tarewa ta ɗaya gefen.

Maman 'Yan Biyu ta warke, sai dai hannun ba ya miƙewa sosai, har yau da shi take nuna wa jikokinta titi tana yi musu faɗa. Ɗan Filaton ya koma aikinsa yana ɗan ɗingishi, duk Kirsimeti sai ya aiko mana da dankali. Ɗana yana nan yana tuƙi, idan ya hango ɗorawa sai ya ɗaga ƙafa, fasinja su yi ta mita, ya ce uwarsa ce ta sa masa doka. Shanya kuwa mun mayar da ita bayan coci, aka kewaye mana da waya, muka koma tsohon yaƙinmu da awaki. Katanga tana nan da zanen fentinta. Ɗorawa ma tana nan, tana ba mu kalwa, amma ba mai ƙara tambayarta ko a tsallaka. Ni kuma ga ni, kun gan ni, ina kai wa amin kullum.

Kunnuwanku da na ara, ga su nan, na mayar. Ku tafi da su bakin titi.