Mammadu Mai Hawan Dabino da Ciwon La'asar

Duk mai bishiyar dabino a ƙauyukan da ke bayan duwatsun Dutse ya san Mammadu Albarka. Gajere ne siriri, mai faɗin tafin ƙafa, hannuwansa duk tabon ƙaya. A wajen kawunsa Jaji ya koyi hawa, kuma tun kafin ya yi aure aka daina cewa a kira Jaji, aka koma cewa a kira Mammadu. Idan sanyi ya shigo dabino ya fitar da fure, shi ne zai hau namijin ya yanko furensa, ya hau macen ya cusa mata ya ɗaure, don in ba a yi haka ba 'ya'yan ba sa yin kirki. In sun nuna kuma ya sake hawa, ya yanke nonon dabinon, ya zuro shi ƙasa da igiya a hankali kamar mai miƙa jariri.

Matarsa Safiyatu 'yar wani malamin makarantar allo ce daga Buji. Ba ta da yawan magana, hannunta ne ba ya hutawa. Ganyen dabinon da yake kawowa gida shi take tsagawa ta saƙa tabarma da mafici. Suka haifi 'ya'ya huɗu, suka yi zamansu ba wanda yake jin kansu.

Yana da shekara talatin da takwas ciwon ya fara zuwa. Wata rana ya dawo daga sallar la'asar, ya zauna ke nan zai sha kunu, sai ya ji kamar an soka masa jan ƙarfe a bayan idon dama. Idon ya kaɗa ya yi jawur, fatar idon ta sauko, hawaye na zuba ta wannan ɓangaren kaɗai, hanci ya toshe. Ya kasa zama, ya kasa kwanciya. Ya dinga zagaya tsakar gida yana nishi, daga ƙarshe ya je ya kama gwara kansa da jikin rumbu. Kafin awa guda abin ya sake shi, kamar ba a yi ba. Washegari da la'asar ya dawo. Jibi ma haka. Sai da ya yi kusan wata ɗaya da rabi yana zuwa kullum, sannan ya ɗauke ɗif. Suka yi hamdala, suka ɗauka an rabu. Da sanyi ya zagayo dabino ya fara fure, sai ga shi.

Ba abin da ba a yi ba. Wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Surukinsa ya aiko da rubutu daga Buji, galan guda, ya shanye. Wani mai cire haƙori a kasuwa ya ce matauni ne, ya cire masa biyu lafiyayyu. Mai kyamis ya yi ta haɗa masa ƙwayoyi har cikinsa ya fara zafi. A gari kuwa kowa da abin da yake faɗa. Wasu suka ce ya taɓa hawa bishiyar da ba a hawa, mutanen cikinta ne suke bin sa. Abin da ya fi damunsa shi ne 'ya'yansa su gan shi a wannan hali, shi ya sa da la'asar ta gabato Safiyatu take tura su gidan maƙwabta.

Ita ce ta gano yadda za ta hana shi fasa kansa. Riƙe shi ba ya yiwuwa, magana ma ba ya son ji. Sai ta riƙa bin sa a baya, in ya nufi rumbu ta riga shi, ta shimfiɗa tafin hannunta a daidai inda goshinsa zai sauka. Ranar farko ya buge mata yatsu har suka kumbura. Daga ranar, komai tsananin ciwon, in ya ga hannun nan a bango sai ya ja da baya, ya dafe kansa ya ci gaba da zagaye.

Shekara goma sha huɗu suna haka. Mammadu ya tsara aikinsa a kan ciwon: ya fita da sassafe, ya sauko daga bishiyar ƙarshe kafin azahar, la'asar ta same shi a gida.

Ranar da abin ya saɓa, yana lambun wani Alhaji ne, a kan wata tsohuwar bishiyar dabino mace da ta fi kowace tsawo a wurin. Rana ba ta kai tsaka ba ya ji idon ya fara ɗumi. Ya san alamar, ya kuma san ba zai kai ƙasa ba. Ya jawo igiyar da ke ƙugunsa, ya zagaya ta da jikin bishiyar sau biyu, ya ƙulle da iyakar ƙarfinsa. Sai abin ya sauka a kansa.

Safiyatu ta iso da kwanon fura, ta tarar da takalmansa a gindin bishiya. Ta ɗaga kai, ta hango shi ɗaure a can sama yana murza goshinsa a jikin ɓawon. Ta ajiye kwanon.

"Malam, ga ni nan."

"Matsa daga nan," ya ce da ƙyar. "Kada in faɗo miki."

"Ba inda za ni."

Babu kowa a lambun, kuma ko da akwai, ba mai iya sauko da shi. Ta rungume gindin bishiyar ta manna kuncinta, tana karanta duk abin da mahaifinta ya koya mata. Da ta ƙare ta sake farowa. Ɓaraguzan ɓawo suna zubo mata a ka, ba ta motsa ba. Can ta ji nishin ya fara raguwa. Ya kwance igiyar a hankali, ya sauko taki ɗaya bayan ɗaya, goshinsa na jini. Ta yagi bakin mayafinta ta goge masa.

"Gobe za mu asibiti," ta ce. "Ba shawara nake ba ka ba, Malam. Shekara goma sha huɗu ban taɓa yi maka musu ba. Yau na yi."

Ya dube ta, ya dubi bishiyar, ya ce, "Allah ya kai mu."

'Yarsu ta biyu, Na'ima, wadda take aure a Jahun, ita ta zo ta yi musu jagora, don ta san yadda ake yankar kati da bin layi. Likitan farko ya saurare su, ya tura su wajen wata likita mai suna Dakta Zahra'u, wadda take duba masu larurar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Da Mammadu ya ji an ambaci ƙwaƙwalwa sai jikinsa ya yi sanyi. Suna shiga, ko gaisuwa ba su gama ba ya ce, "Likita, ni fa ba taɓin hankali ne da ni ba."

Ta yi murmushi. "Na sani, Baba. Zauna ka ba ni labari."

Ya ba ta. Ta tambaye shi wane ɓangare ne, ko yana canzawa, ko yana neman ɗaki mai duhu ya kwanta. Ya ce ina, kwanciya ai ita ce ta fi komai azaba. Ta ce sau nawa yake zuwa a shekara. Ya ce bai taɓa lissafawa ba. Sai Safiyatu ta buɗe jakarta ta fito da wasu ƙulle-ƙullen tsumma ta jera a kan tebur. Ashe duk ranar da ciwon ya zo, ƙwallon dabino guda take jefawa a gwangwani, in ya ɗauke ta ƙulle na shekarar daban. Mammadu bai taɓa sani ba. Likitar ta kwance ƙulli ɗaya, arba'in da uku. Ta kwance wani, arba'in da takwas. Ta ɗago ta dubi Safiyatu.

"Mama, kin rage mini rabin aiki."

Ta yi musu bayani a hankali. Ta ce ba ciwon ɓarin kai ba ne irin wanda aka saba gani, mai sa amai da gudun haske, ko da yake 'yan uwan juna ne. Wannan a jere yake zuwa, ya yi makonni yana bin lokaci guda, sannan ya tafi. Ta ce likitoci sun san shi, kuma yana cikin ciwukan da suka fi kowane zafi a jikin ɗan Adam. Mammadu ya sunkuyar da kai da ya ji haka. Shekara da shekaru yana zargin kansa da raki.

Aka ɗauki hoton kansa, aka auna jininsa, aka manna masa wayoyi a ƙirji don duba zuciya. Da komai ya fito lafiya ta rubuta masa magani iri biyu. Na farko ƙwaya ce mai suna berafamil, da zai riƙa sha kullum idan lokacin ciwon ya shigo, don ta rage yawan zuwansa. Na biyu allura ce mai kama da biro, sumatiriftan, da za a yi masa a cinya da zarar idon ya fara ɗumi. Ta koya wa Safiyatu yadda ake riƙe ta da yadda ake dannawa, ta sa ta maimaita sau uku.

"Kada ta wuce biyu a yini da kwana," in ji ta. "Kuma Baba, ka riƙe wannan da kyau: kada ka ba kowa, ko da ɗan cikinka ne. Mai ciwon zuciya ko hawan jini, wannan allurar tana iya yi masa mummunar illa."

Sunayen sun yi wa Safiyatu nauyi a baki, sai ta raɗa musu nata. Ƙwayar ta zama Mai Haƙuri, allurar ta zama Mai Sauri. A Dutse ba a samu allurar ba, sai da mijin Na'ima ya je Kano ya yi yawon manyan shagunan magani kafin ya dawo da ita.

Kwana huɗu ciwon na zuwa suna jiran isowarta. A rana ta biyar, bayan la'asar, Mammadu ya dafe ido ya ce, "Safiya, ya taso." Ta zaunar da shi a bakin ƙofa, ta ɗage wandonsa, ta yi bisimilla ta danna. Ya miƙe ya fara zagayen da ya saba. Ya yi zagaye shida, ya yi bakwai, ƙirjinsa da wuyansa suka ɗan yi nauyi kamar yadda likita ta ce za su iya yi. Sai ya tsaya cak a tsakiyar gida. Ya taɓa goshinsa. Ya zauna a kan turmi.

"Yaya?" ta tambaya.

"Yana tafiya," ya ce. "Wallahi yana tafiya."

Ko minti goma sha biyar ba a yi ba. Ya zauna yana kallon kaji suna kiwo, yana jin yara suna wasa a waje, abubuwan da ya manta ana yin su a wannan lokacin na yini. Safiyatu ta shiga madafa ta daɗe ba ta fito ba. Da ta fito idanunta sun kumbura, ta ce hayaƙi ne.

Ba warkewa ya yi ba. Ciwon yana nan yana zuwa, sai dai Mai Haƙuri ta rage shi ƙwarai, akwai shekarar da bai wuce sau tara ba. Akwai kuma shekarar da allurar ta yi wuyar samu, ya koma zuwa asibiti ana sa masa iskar oksijin in ya yi sa'ar isa da wuri. A makonnin ciwon ya daina hawa dogayen bishiyoyi, ya bar wa wasu. Duk shigowar sanyi yakan je a sake duba zuciyarsa kafin ya fara shan ƙwayar.

Shekara biyu bayan ya fara magani, ranar kasuwar Shuwarin, ya kai dabino sai ya ga mutane sun yi da'ira a kusa da 'yan barkono. Wani magidanci ne a tsakiya, yana kai da komo, yana buga kansa a jikin wata motar kaya. Ana ta cewa iska ce, wasu na cewa a ɗaure shi. Mammadu ya kutsa ya dubi fuskarsa. Idon hagu ne, ja, yana zubar da hawaye.

"Ku ba shi wuri," ya ce. "Ba hauka ba ne. Kada wanda ya taɓa shi."

Allurar tana aljihunsa. Ya sa hannu ya taɓa ta, ya ji sanyinta a yatsunsa. Ya san abin da mutumin nan yake ji, ya san kuma cikin 'yan mintuna zai iya raba shi da shi. Ya tuna maganar likita. Bai san zuciyar mutumin ba, bai san jininsa ba. Ya zaro hannunsa ba komai. Ya cire hularsa ya naɗe, ya bi shi yana tare masa ƙarfen motar da ita, yana cewa, "Zai wuce, ɗan uwa. Na san shi. Zai wuce." Bai taɓa jin tsawon rabin awa irin na ranar ba, har da waɗanda ya yi a nasa ciwon.

Da abin ya lafa suka zauna a inuwar motar. Sunan mutumin Umar Talha, daga Taura yake kawo barkono, shekara shida yana fama. Ya ɗauka shi kaɗai ne a duniya. Mammadu ya kai shi gida ya kwana, da safe ya raka shi wajen Dakta Zahra'u. Da aka auna shi sai aka tarar jininsa ya hau sosai, shi kansa bai sani ba. Likitar ta ce allurar ba tasa ba ce a yanzu, ta ɗora shi a kan wata hanyar daban. Da Mammadu ya ba ta labarin kasuwa, ta ajiye bironta ta ce, "Baba, Allah ya saka maka da alheri." Shi kuwa sai da ya fito waje ya nemi benci ya zauna, yana tunanin abin da zai faru da ya yi wa Umar allurar.

Yanzu Mammadu yana da shekara hamsin da shida, yana nan yana hawa, ko da yake ya fara zaɓar bishiya. Umar ya zama kamar ɗan gida. In ya zo kasuwa sai ya biyo da barkono, Safiyatu ta ɗaure masa dabino ya kai wa iyali. Da zarar sanyi ya fara shigowa kuma, wayar ɗayansu takan yi ƙara.

"Yaya Mammadu, naka ya zo?"

"Bai zo ba tukuna. Naka fa?"

"Jiya ya leƙo, amma bai daɗe ba."

"To, ka sha maganinka a kan lokaci. Ka gaida mutanen gida."