Kashin Tsuntsu a Kan Lemuna

Shekarar da muka koma Agiye na dasa lemun tsami a bayan ɗakina. Ko ruwan wanke-wanke ban yarda a zuba masa ba, sai na rijiya. Da damina ta kankama ya yi toho gwanin sha'awa, sai na fara ganin ganyen duk a gaigaye, ga kashin tsuntsu, baƙi da fari, a kansu.

Ni kuwa ba a taɓa ni in kwana da abin a ciki. Maƙwabcinmu dattijo ne, tun rasuwar matarsa ba shi da abokan hira sai tantabarunsa. Ban yi shawara da kowa ba na leƙa ta katanga.

"Baba, tantabarunka sun cinye mini lemu. Ko ka raba su da nan, ko in zuba musu magani."

Ya ce, "'Yata, tantabara hatsi take ci, ba ganye ba."

Na ce to kashin da ke kai fa, ni na yi shi? Wallahi haka na faɗa wa sa'an ubana, matan unguwa suna ji. Washegari ya zuba tantabarun a kwando, aka ɗaure a bayan moto, wato babur, aka kai wa ƙanensa a Gazawa.

Kwana uku, ganye bai daina ƙarewa ba. Na ɗauki tsinke zan kankare kashin, sai ya motsa. Ashe tsutsa ce. Ta ɗaga kai ta fiddo wasu jajayen ƙahoni biyu, wani wari kamar ruɓaɓɓen lemu ya doki hancina. Da na duba sosai ga manyansu can, kore shar, sun saje da ganye. 'Ya'yan malam-buɗe-littafin nan ne, baƙi mai ɗigon rawaya, da kullum yake shawagi a kan itacen ina yaba kyansa. Tsuntsaye tsutsar take yaudara da wannan kama da kashi don kada su cinye ta, ni da hankalina na rufta.

Kunya kamar in nutse. Na tsinke ganyen da tsutsar a kai, na yi sallama gidansa, na durƙusa.

"Baba, ga ɓarawon. Ka yafe mini, ka sa a dawo da su."

Ya daɗe yana kallon tsutsar.

"Na yafe, 'yata. Amma ni na ce a fige musu fukafukai, don kada su dawo su dame ki."