Bangon marmara na Bomo

Na san Dinatu tun muna 'yan mata a majami'a ɗaya a Sabon Gari. Tela ce. Rumfarta tana layin masu yadi a kasuwa, kayan makaranta take ɗinkawa, kuma yaran Samaru da yawa da wandonta suka gama firamare. Ba ta da fara'a, ba ta iya jan ciniki ba. In ka miƙa mata riga ba ta kallon adon, sai ta juya cikin ta bi ɗinkin da farce. Haka take yi wa mutane ma, shi ya sa ƙawayenta ba su da yawa. Ni ce na daɗe, don ni ma ba na ɓoye magana.

Mijinta Sebastian ɗan sanda ne. A 1992 aka tura shi Kambodiya cikin aikin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi shekara guda da 'yan watanni ya dawo da zazzaɓi da labari ɗaya. Wai wata rana sojoji sun raka su cikin wani daji, ya ga hasumiyoyin bauta na mutanen da, sun fi shekara dubu, kuma da marmara aka gina su. Marmara dai, jan dutsen nan mai huji-huji da ke karya wa masu haƙar rijiya diga. Ya ce an yanka ta kamar bulo an jera, har itatuwa sun hau kai amma ginin yana tsaye. Ya ɗauki hoto, fim ɗin ya ƙone.

Ba wanda ya yarda. A wajenmu marmara abin zubawa a kan hanya ce. Maza suka sa masa suna Sufeto Kambodiya, kuma in wani ya shara ƙarya bayan sujada sai a ce da shi ko shi ma ya je can ne. Ni ma na yi dariyar, ba zan wanke kaina ba.

Sebastian bai yi musu da kowa ba. Ya sayi fili a Bomo, wajen wani rami da ake ɗiban marmara, ya sa aka riƙa yanka masa ita ana tarawa. Sai aka yi masa canjin aiki zuwa Gusau, duwatsun suka yi shekara biyu a zube, awaki na hawa. Da ya yi ritaya ya ɗauko Malam Uba magini daga Jushi suka fara ginin ɗaki huɗu, biyu nasu, biyu na hayar ɗalibai. Bango uku sun kai linta sai duwatsun suka ƙare, ciwon hanta kuma ya kama Sebastian. Ya san abin da ke tafe. A daminar 2002 ya matsa aka haƙo sabuwar marmara aka ɗora kusurwar gabas cikin mako uku. Ya rasu kafin a yi rufi.

Damina biyu bayan haka kusurwar gabas ta tsage daga sama har ƙasa, hannu yana shiga. Masu dariya suka ce ai ga Kambodiya nan.

Kingsley, babban ɗansu, yana aikin banki a Kaduna. Ya ce a rushe duka a gina da bulon siminti kamar kowa. Yana da gaskiyarsa, don ya ce in bangon ya faɗo a kan ɗan mutane shi za a nema. Dinatu ta tambayi Malam Uba ko sauran bangon zai bi sahu.

“Uwar Kingsley,” ya ce mata, “ni dai ban taɓa ganin inda aka yi gini da marmara ba. Ban ce ba a yi ba.”

Ni kuwa na ce da ita mutumin ya riga ya tafi, ta bar shi ya huta da shirmensa. Lahadi biyu ba ta gaishe ni ba. A ta uku ta zauna kusa da ni ta ce shekara talatin da ɗaya Sebastian bai taɓa yi mata ƙarya ba, amma rashin ƙarya ba ya riƙe bango, don haka sai ta gani da idonta. Na tambaye ta a ina. Ta ce a can.

Hanya ta zo ta wajen 'yarta Diana, ma'aikaciyar jinya, wadda ta auri Ejiofor, ɗan Sabon Gari, injiniyan ruwa. Wata ƙungiyar haƙa rijiyoyi ta kai shi garin Siem Reap a Kambodiya. Dinatu ta ce uban ne ya cika wa yarinyar kunne da ƙasar, shi ya sa ba ta yi gardamar bin miji ba. A farkon 2007 Diana ta haihu, kuma ko a bangon duniya ne uwa ce ke zuwa wankan jego. Kafin Dinatu ta tashi Kingsley ya gaya mata cewa bayan Ista zai kawo leburori.

“In na dawo ban ce komai ba, ka rushe,” ta ce. “In ka taɓa shi ba na nan, ni da kai ne.”

Na taya ta ɗaure kaya: kanwa, yaji, daddawa, kuka. A ƙasan jaka ta sa duwatsu biyu kamar dunƙulen hannu, naɗe a tsohon zane. Ɗaya ta ɓalgato daga bangon da ke lafiya, ɗaya daga kusurwar da ta tsage. A filin jirgi aka tambaye ta mene ne, ta ce na goge kaushi ne, aka bar ta.

Sauran labarin daga bakinta na ji, kuma Diana ta tabbatar mini da inda ta sani.

Sai da ta yi mako uku tana dafa ruwa safe da yamma, tana dama kunun kanwa, Diana na ƙorafi da ilimin asibiti ita tana yi kamar ba ta ji, sannan ta yi wa surukinta maganar. Ejiofor ya kai ta manyan haikalan da ke kusa da gari, inda Turawa ke cika. Ta ga marmara a katanga da ƙarƙashin gini, amma hasumiyoyin na wani dutse ne mai ruwan toka. Ta ce ba nan ba ne. Ta buɗe masa bangon Littafi Mai Tsarki na Sebastian inda ya rubuta sunan wajen, Koh Ker. Ejiofor ya ce wajen da nisa, tafiyar awa uku ce a mugunyar hanya, ga shi ba a gama cire nakiyoyin yaƙi ba, ga gwiwarta. Ta ce gwiwar tata ce. Ya samo mata kujera a wata ƙaramar bas mai kai baƙi yawon wuni guda, tare da ɗan jagora.

Sun tashi da asuba, ita da Turawa biyar. Jagoran sunansa Sokha, magidanci ne siriri mai hular kaki. Turancinsa irin nata ne, na ciniki, don haka suka fi fahimtar juna. Da kwalta ta ƙare sai jar hanya mai gargada, da rogo da shanu farare a gefe. Ta ce da ba don gidajen da ke kan dogayen sanduna ba, da ta rantse hanyar Bomo ce. Kafin su sauka Sokha ya nuna musu jajayen allunan gargaɗin nakiya a jikin itatuwa, ya ce duk wanda fitsari ya kama ya yi a kan hanya, kunya ta fi rasa ƙafa.

Ya fara kai su wani gini mai hawa bakwai kamar dutse. Turawan suka yi ta hoto. Dinatu ta zauna a inuwa tana matsa gwiwa, don ba shi ta zo gani ba. Sai bayan azahar, da aka shiga wasu ƙananan kufai cikin daji, ta ga abin. Hasumiya ce doguwa, ta yi baƙi da tsufa, kuma tun daga sama da tushe har ƙoli marmara ce, mai huji-huji, an yanka an jera. Na tambaye ta ko ta yi kuka. Ta ce kukan me, ai awo ta je yi.

Ta ciro tef ɗinta na ɗinki ta auna tsawo da faɗi da kaurin dutse uku. Ta durƙusa da ƙyar ta bi gaɓar da farce, ta ga ba siminti ba laka, dutse ne a kan dutse. Sannan ta kwance zanen ta fito da nata biyun, tana kara su a jikin bangon.

Nan Sokha ya hango ta. Ya zo da sauri fuskarsa a murtuke, ya ce ta mayar da abin da ta ɓalla. Ya ce ɓarayi sun riga sun kwashe kawunan gumakan wajen, kuma in masu gadi suka gani, ita za a tsare, shi kuma a karɓe masa takardar aiki. Ta ce nata ne, daga gida ta zo da su. Ya ce kowa haka yake faɗa. Ya karɓa ya jujjuya, ya ce shekara tara yana kawo mutane nan, ya san dutsen wajen. Turawan suka taru suna kallo, wata a cikinsu tana girgiza kai.

Dinatu ta ce a duk tafiyar ba abin da ya yi mata daɗi kamar wannan zargin. Mutumin da ya san wajen kamar tafin hannunsa ya kasa bambanta dutsen Bomo da na ginin shekara dubu. Ta bar shi ya gama faɗansa, sannan ta juya masa gefen da simintin Malam Uba ke manne.

“Kakanninku da siminti suka yi gini?” ta ce.

Ya kankare da farce, sai ya haɗa tafukan hannu ya sunkuyar da kai. Ta ce ya bar ban haƙuri, tambaya gare ta. Ta gaya masa labarin bangon, ta ce tana son ta san me ya sa ɗaya ya tsaya ɗaya ya tsage. Sokha ya ce shi sunayen sarakuna da shekaru ya haddace, ba magini ba ne. Amma ya ce tsohon da ke share ciyawar wajen ya taɓa yankan irin dutsen a ƙauyensu. Ya tura Turawan mota su ci abinci, ya tafi da ita.

Tsohon ya ajiye laujensa ya karɓi duwatsun. Ya buga kowanne da bayan lauje. Na farko ya yi ƙara, na biyu ya amsa a dushe, gefensa ya ɗan marmashe. Ya yi magana, Sokha yana fassarawa. Ya ce dutsen nan a cikin ƙasa yana da taushi, a nan ake yanka shi, amma ba a gini da shi sai ya sha iska da rana ya taurare. Na farko ya sha. Na biyu kuwa an ɗora shi ɗanye, da ruwa a jikinsa, aka kuma danna masa nauyi, sai ya tsuke ya ja na kusa da shi. Ta tambayi tsawon lokacin da ake jira. Ya ce su rani guda suke bari ya wuce a kansa, wanda ba ya sauri ya ƙara.

Ta ce a nan ta ji haushin kanta. Shekara nawa tana hana iyaye kawo mata yadin da ba a jiƙa ba, don in an ɗinka aka wanke sai ya tsuke ya ja ɗinki. Bango uku na Sebastian duwatsun da suka yi shekara biyu a rana ne. Kusurwar gabas kaɗai ya yi cikin gaggawa, don yana gudun kada ya mutu bai gama ba.

Sun dawo gari da magariba, gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Diana ta yi faɗa. Washegari Dinatu ta tashi ta dafa ruwan wanka.

Ta iso Zariya saura kwana tara Ista. Ba ta kira Kingsley ba sai da ta kai Malam Uba Bomo da guduma ya bi bangon dutse bayan dutse yana bugawa. Inda ya yi ƙara suka bari, inda ya dushe ta sa alli. Allin bai wuce kusurwar gabas ba. Da Kingsley ya zo da leburorinsa ta nuna masa iyakar, ta miƙa masa gudumar ya buga da kansa.

“Mama, in ya sake tsagewa fa?”

“Sai ka rushe, ba zan ce uffan ba. Amma a ɗakin gabas zan riƙa kwana, ba ɗan kowa ba.”

Aka rushe kusurwar. Aka yanko sabuwar marmara aka jera a fili, kuma Dinatu ta hana a taɓa ta har damina ta wuce, rani ya wuce. Mutane suka ce shirmen mijin ya kama matar. Duk Asabar bayan ta rufe rumfa takan hau acaɓa ta je ta buga duwatsun da ƙarfe ta dawo. A watan Afrilu na 2008 ta ce sun yi, Malam Uba ya ɗora.

Ta koma gidan kafin Kirsimeti, da keken ɗinkinta. Ɗaliban da ke haya suna cewa ɗakunan sun fi na bulo sanyi. Masu dariyar ba wanda ya zo ya ce ya yi kuskure, ita ma ba ta nema ba. Ni na je, na ce mata na yi wa mijinta dariya a banza. Ta ce ta sani, ta miƙo mini wando in warware mata ƙafa. Damina biyu ke nan, kuma duk zuwan da na yi sai na zagaya gabas na bi bangon da farce. Ban sami komai ba.