Lukinar da Athol Ya Matse

Desley Ruhle ba ta iya yarda an fi ta gaskiya ba, duk makiyayan yankin kogin Dawson sun shaida. Ta tashi a cikin shanu, ta auri Athol, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, suka zauna a ƙarshen wata hanyar burji da ko motar gidan waya sai ta ga dama take bi. 'Yarsu ɗaya ce, tana aikin jinya a Brisbane, sai Kirsimeti ake ganinta.

A nan, lukina ce rufin asirin mai shanu, itacen da shanu ke cin ganyensa su yi ɓul-ɓul ko rani ya kai rani. Sharaɗinta ɗaya: a shuka ta layi-layi, a bar filin da tarakta biyu za su wuce a jere, don ciyawa ta samu rana. Ko ɗan goye ya san wannan.

Amma da Athol ya zo shuka filin bayan gida, sai ya matse layukan, da ƙyar maraƙi zai juya a tsakani. Desley ta wanke shi tas. Ta tambaye shi shingen kaji yake yi, ko tsufa ne ya fara taɓa masa kai. Ya kurɓi shayinsa, ya ce ganye yake so da yawa, kuma da wuri. Ashe likita ya riga ya faɗa masa abin da shi bai faɗa mata ba. So yake ya bar mata abincin shanu a ƙofar gida, kada ta yi ta jigilar harawa ita kaɗai. Allah sarki, ko furen farko bai gani ba ya rasu.

Itatuwan suka tashi a cunkushe, kowanne na tseren rana da ɗan'uwansa. Suka zarce sama sirara kamar karan dawa, ganye can a ƙoli. Ƙasa kuwa inuwa ta kashe ciyawa, saiwoyi suka tsotse ɗan danshin da ya rage.

Maƙwabcinta Col Hinchy yakan leƙo shayin hantsi. Shi ya ce a tumɓuke biyu cikin kowane layi uku, sauran a sare su daidai gwiwa su sake tofowa.

"Des, taurin kan nan naki zai ci miki shanu," in ji shi.

"Ji mai ba da shawara, kai da ko tumatir ba ya yi maka. Hannun Athol ne a wurin nan. Ba mai taɓa shi."

Gaskiyar magana, kaɗaici ne ke cin ta. Gidan ya yi mata girma. Da la'asar takan kutsa cikin itatuwan tana yi wa Athol faɗa da ƙarfi, kan famfon da ya bari yana yoyo, kan shirun da ya yi mata. Nan ne kawai take jin kamar akwai mai sauraro.

Sai fari ya zo, damina biyu a jere ba abin kirki. Garkenta kuwa jikokin shanun da ita da Athol suka fara kiwo da su ne, ta san halin kowace, suna jin muryarta su taho. Yanzu ga su tsaye haƙarƙari a waje, suna miƙa wuya, ganye kore shar a samansu, bakinsu bai kai ba. Kullum da safe ta ɗauki zarto mai inji ta yi ta saro musu rassa, har kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa. Ranar da wata tsohuwar saniya ta kwanta a gindin itatuwan ba ta tashi ba, Desley ta kira Col a waya ta ce ya kawo katafila.

Ya zo, bai ce da ma na faɗa miki ba, ya kuwa ci sa'a. Ita ta shige kicin ta ƙure rediyo don kada ta ji ƙarar.

To, kututture ba ya tofowa sai da ruwa, yunwa kuma ba ta jira. Kafin sama ta yi wani motsi, dole ta sayar da garken kaf. Da hannunta ta rufe ƙofar tirelar ƙarshe.

Bayan sabuwar shekara ruwa ya ɓalle. Lukinar da aka ba wa wuri ta yi reshe ta ko'ina, ganye jingim daidai bakin saniya, ciyawa a tsakani har cinya. Col ya jingina da shinge, ya cire hula, ya ce bai taɓa ganin fili irin wannan ba. Ya yi ta kwana-kwana, sannan ya tambaya ko zai iya zubo bijimansa.

"Kawo su," ta ce. "Wani dai ya ci."

Da aka zubo su, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Can ta manta, ta ɗaga murya ta yi kiran da ta saba yi wa shanunta. Ko ɗaya bai ɗago kai ba.