Shekarar da Muka Yi Masa Hayaƙi

Jikana ne, ɗan ɗana na biyu. Maigida nake ce masa, kamar yadda kowace kaka ke tsokanar jikanta, sai dai shi bai taɓa rama tsokanar ba. Shekararsa bakwai a lokacin, kuma ba ya magana. Yana da wani gunji da yake yi can cikin maƙogwaro, ƙasa-ƙasa, yana kaɗa jiki gaba da baya. In ya samu ɓawon gyaɗa sai ya jera shi a gindin katanga, layi ɗaya, tun daga ƙofar ɗakina har bakin rumbu, wanda duk ya taka masa kuwa ya shiga uku. Yana cizo. Yana buga goshi da bango. Hannun uwarsa duk shatin haƙori ne.

A ƙauyenmu, nan gefen Beli, ba a daɗewa ana neman sunan irin wannan. Iska ce, magana ta ƙare. Ni ma haka na ce, kuma ni na fara faɗa, ba zan ɗora wa kowa ba.

Ubansa ya je Rogo ranar kasuwa ya dawo da ƙullin magani. Na gane tazargade a ciki, sauran saiwoyin ban san su ba. Mai maganin ya ce a zuba a garwashi cikin kasko, a lulluɓe yaro da bargo, safe da yamma. Ya kuma ja masa kunne cewa in yaro ya yi ihu, ba shi ne ke ihun ba, mutanen jikinsa ne ke ƙonewa. In ihun ya ƙaru, magani na ci ke nan, a ƙara.

Ni ke riƙe shi. Uwarsa ba ta iyawa, da ya fara sai ta saki ta koma gefe tana kuka. Ni kuwa ban taɓa zama mai sanyin hannu ba, 'ya'ya shida na raina babu wanda ya taɓa kuɓuce mini. Sai in matse ƙafafunsa tsakanin gwiwoyina, in rungume hannayen ta baya, uban ya jefa bargo a kanmu mu biyu, ya turo kaskon ta ƙasa. Hayaƙin nan ni kaina yini nake ina tari. Yaro na ihu har muryarsa ta dishe, mu kuma muna cewa alhamdu lillahi. Matan maƙwabta na leƙowa ta kan katanga suna cewa, "Sannu Inna, yau kam sun ji jiki." Haka muka yi ta yi tun daga shuka har gero ya fara fidda kai.

Ni mace ce mai zaman ƙofar ɗaki. Daga nan nake ganin wanda ya shiga da wanda ya fita, da wadda ta yi shara ta bar lungu. To daga nan na fara ganin abin da ban so gani ba. Da can yaron nan yakan zauna kusa da murhu yana kallon tukunya. Yanzu da uwarsa ta durƙusa za ta hura wuta sai ya toshe kunne ya hau gunji. In ya ga bargo a kan igiyar shanya sai ya kewaye ta can nesa. Na gani, na yi shiru. Na ce wa kaina su ne ke jin tsoro, ba shi ba.

Wata safiya ashana ta ƙare, uwarsa ta shiga maƙwabta ɗibar wuta, yadda kowa ke yi. Ta dawo da garwashi a fasasshen kasko, goye da ƙanwarsa 'yar wata biyar. Shi yana tsugune a kan layin ɓawonsa. Ya ɗago kai ya ga kasko, ya ga hayaƙi na tashi, yana nufo shi. Ni fuskarsa nake kallo, kuma abin da na gani a cikinta tsoro ne zalla. Kafin in miƙe ya zabura ya tunkuye ta a ciki da ka. Kasko ya yi sama, ita ta zube gefe, garwashi ɗaya ya sauka a ƙafar jaririya.

Allah ya taƙaita, ƙunar ba ta wuce tafin ƙafa ba. Amma kukan da yarinyar nan ta yi, har yau yana kunnena.

Aka kira uban daga gona. Ya ɗauko igiyar akuya ya ɗaure yaron a turke ta ƙafa, sannan ya zo ya durƙusa a gabana, yana kallon ƙasa.

"Inna, an ba ni labarin wani gida can nesa. Suna karɓar irinsu, a sa musu mari a ƙafa har su natsu. Bayan Juma'a zan kai shi."

"Kwance shi."

"Inna, yau ƙafa ce. Gobe fa? Sai ya kashe ta?"

"Na ce ka kwance shi. Akuya ka haifa?"

Ya tashi ya kwance, ya dawo.

Na ce, "Ba uwarsa ya nufa ba, ba ƙanwarsa ba. Kaskon ya nufa."

"Wane kasko kuma?"

"Wanda muke gasa shi da shi safe da yamma. Kai in aka danne ka aka lulluɓe ka aka yi wata uku ana tura maka hayaƙi, ka ga mutum ya shigo da wuta, gaishe shi za ka yi?"

"Ai mai magani ya ce ..."

"Mai magani ya taɓa shiga bargon? Ni na shiga."

Ya bar gardamar. Na san ba yarda ya yi ba, nauyina yake ji. Na ce ya bar mini shi zuwa cirar gyaɗa. In an ciro gyaɗa yaro na nan yadda yake, ya yi abin da ya ga dama, ba zan ƙara magana ba. Ya ce to. A ranar na zuba sauran maganin a masai, na kwaso tabarmar yaron na kai ɗakina.

Da muka kai jaririyar asibiti a Karaye wankin ciwo, ma'aikaciyar da ke naɗa mata bandeji ta tambayi yadda aka yi. Uwar ta sunkuyar da kai, ni na faɗa mata duka, har da hayaƙin. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta yi ta tambaya. Yana kallon mutum cikin ido? In an kira shi yana waiwayowa? Ta ce abin ya yi kama da wanda ake kira galahanga, haka ake haihuwar wasu yara, ba iska ba ce. Ta ce a kai shi Kano likitoci su duba, amma kada in sa ran wata allura da za ta cire shi.

"Mama, ba ya yi don mugunta. Wani abu ne ke fin ƙarfinsa, ba shi da bakin faɗa. Ki riƙa lura da abin da ya faru kafin ya fara, ki rubuta."

"Ni da ko baƙi ɗaya ban sani ba?"

Ta yi dariya. "To ki riƙe a ka."

"Da can a ina nake riƙewa?"

Na dawo na kafa doka a gidan, kuma dokata ba a taka ta. Ba a hura wuta sai na fita da shi bayan gida. Mai ɗibar wuta ta yi sallama daga zaure ta jira. Ba a kama shi ta baya. Ba a share masa layin ɓawo sai shi ya bar shi da kansa. Bargon nan na ba wa wata Bafulatana mai kawo mana nono, na ce ta yi nisa da shi.

Mafi wuya mutane ne. Da ya fara ihu sai mata su cika tsakar gida, wannan na salati, wannan na tofa masa addu'a a fuska, wata na cewa a kawo ruwa a watsa masa. Kowace da kyakkyawar niyya, kowace na ƙara masa. Na fara korarsu. Wata tsohuwa sa'ata, wadda muka yi amarci shekara ɗaya da ita, ta ce, "Ke yanzu addu'ar ma kin hana?" Na ce, "Ki yi daga gidanki, Allah na ji." Ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba.

In abin ya taso masa, na koyi in fitar da ƙanwarsa tukuna, sannan in cusa matashi tsakanin goshinsa da bango, in zauna a ƙasa in ba shi baya, in kama bakina. Wannan kama bakin ya fi riƙe shi wahala a wurina, don ni da tsawa na saba. Wani lokaci ya yi ta yi har rana ta matsa daga kan rumbu. In ya gaji sai in ji ya jingino bayansa da nawa, jikinsa na rawa, ya jiƙe da gumi. In na motsa da wuri mu koma farko. Haka zan zauna har ƙafafuna su mutu.

Kada wani ya ce ya warke. Ranar da aka kafa injin niƙa a bayan masallaci ya cije ni a kafaɗa har jini. Sabuwar riga ba ta shiga jikinsa sai an wanke ta sau uku ta yi laushi. Aski kuwa na haƙura da wanzami, da almakashi nake rage masa kaɗan-kaɗan yana jera ɓawonsa, kan ya fito kamar ɓera ya ci. Akwai ranakun da na bi duk dokokina ɗaya bayan ɗaya, ya tashi ya yi ta dukan kansa, na rasa dalili har yau. Amma ya daina kai wa uwarsa hari. Ya fara kama gefen zanena ya ja ni bayan gida da kansa in ya ji ana karya itace. A gidan nan wannan ne abu na farko da ya taɓa roƙon wani.

Aka ciro gyaɗa, aka shanya, aka kawo gida. Ni na ƙirga ranar, na san shi ma uban ya ƙirga. Bayan la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, muka gaisa kamar ba a gida ɗaya muke ba. Ya tambayi ƙafa, ya tambayi baya, ya tambayi gajiya. Yaron na gefe yana ware gyaɗa, manya gefe guda, ƙanana gefe guda, aikin da na gano yana kwantar masa da hankali.

"Inna, maganar nan na bar ta."

"Ka bar ta, ko ka ajiye ta?"

"Na bar ta bana."

Ban matsa ba. Bana ɗin ma na karɓa.

"Amma Inna, girma yake yi. Ke kuma jiya na ga da ƙyar kika tashi. Ranar da ba ki iya ba fa?"

Tambayar da nake kwana da ita ke nan, ya zo ya ajiye mini a gaba kamar shi ya fara tunaninta. Na ce, "To zo ka koya. Zauna nan. Ba haka ba, a ƙasa. Juya masa baya. Kada ka kira shi, kada ka taɓa shi."

Ya zauna, ƙaton mutum da ƙurar gona a ƙafa, ya rasa inda zai sa hannayensa. Yaron ya tsaya da warewa, ya fara gunjin nan ƙasa-ƙasa. Uban ya buɗe baki, na harare shi ya rufe. Gunjin ya yi, ya yi, ya lafa. Yaro bai jingina da shi ba, bai kuma gudu ba, ya ci gaba da gyaɗarsa.

Ba a jima ba uban ya ce, "Har yaushe ake zama?"

Na ce, "Har ya gama."

Ya ƙara ɗan zama, sannan ya ce shanu ba su sha ruwa ba, ya tashi ya karkaɗe wando. Na ce gobe war haka ina jiransa. Ya ce in Allah ya yarda. Na kira uwar na ce ta dakata da wutar tuwo tukuna, na dafa bango na miƙe, na fita da maigida bayan gida.